Baƙuwar Ɗakin Ƙyanƙyasa Ta Rasu da Magana a Bakinta

Da zuciya wadda baƙin ciki ya cika har baki, fushi kuma ya zo bai sami wurin zama ba ya tsaya a ƙofa, ni Alhaji Zailani Jalo, mai ƙyanƙyasa na Dugabau, ina sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da 'yan ƙungiyarmu ta masu kiwon kaji na Gwarzo da Kabo, da waɗanda suka riga ni yaɗa labarin tun ban gama share ɗaki ba, rasuwar Baƙuwa, wadda ta yi shekara shida tana tsaron ƙwai a gidana. Ta rasu ranar Laraba da hantsi, yau kwana goma sha uku, tana kan aiki, da ƙwai dubu huɗu da ɗari biyu a hannunta. Sanarwar ta makara, na sani. Dalilin makararta yana cikin abin da zan faɗa, kowa ya yi haƙuri ya karanta har ƙasa.

Bokona na aji uku ne, saboda haka wanda ya ga harafi ya karkace ya daidaita shi a ransa ya wuce. Da hannuna na rubuta, ba wanda ya zauna kusa da ni yana faɗa mini abin da zan ce. Na sa a liƙa ɗaya a allon ofishin ƙungiya, a kuma ɗauki hotonta a sa a zauren ƙungiya na waya, inda aka kwana biyu ana cin naman mutumin da bai ci na kowa ba.

Ga wanda bai san marigayiya ba, ko ya san ta a bakin Alhaji Badaruddeen na Madadi kawai, wanda duk ɗaya ne da rashin sani, ga asalinta. Shekara goma sha uku da suka wuce na sayo injin ƙyanƙyasa na hannu a Kano, ƙato, sai da aka fasa bango kafin ya shiga ɗaki. Ya zo da wata tsohuwar kwamfuta mai ƙaton kai, ita ce ke ba shi umarni: ta auna zafi, ta auna laima, ta ce farantan ƙwai su juya, su juya. Ta yi shekara bakwai tana wannan aiki, wata damina tsawa ta bi waya ta ƙone ta. Na yi yawon Kano da ita a bayan mota, duk wanda ya duba sai ya ce manhajar da ke ciki ta tsufa, ba za ta zauna a kwamfutar zamani ba, sai dai in jefar da injin in sayi sabo. Mijin 'yata Zinnira, Lukuman na Unguwar Tudu, shi ne ya ciro faifan tsohuwar, ya kwashe duk abin da ke cikinta, hankalinta da halinta, ya gina mata ɗaki a cikin sabuwar laftof. Kwamfuta a cikin kwamfuta ke nan. Ba ta da jiki nata, ba fanka, ba filogi. Ka buɗe laftof ka ga wata taga, a cikin tagar ga tsohuwa nan zaune da fuskarta ta da, tana zaton har yanzu tana jikinta, ba wanda ya gaya mata. Ya ce a karatunsu irin wannan baƙuwa ake ce mata, laftof ɗin kuma mai masauki. Na ce to mun huta da sayen ragon suna.

Halayenta na gari ba su ƙirguwa, amma zan faɗi waɗanda na gani da idona. Ba ta taɓa neman hutun salla ba. Ba ta taɓa cewa babur ya lalace mata a hanya ba, ko an yi mata rasuwa a ƙauyen da ba wanda ya san sunansa. Zafi digiri talatin da bakwai da rabi ta riƙe shi shekara shida kamar amanar maraya, da rani da damina. In ruwa ya sauka zabi suka fara zuba, matan Dugabau da na Madadi kan kawo ƙwansu a ƙwarya cikin dusa, kowace ta sa wa nata alama, wata da gawayi, wata da jan farce, wata da tawadar allo. Bayan kwana ashirin da takwas su zo su kwashi 'ya'yan zabi. Marigayiya ba ta taɓa tambayar ƙwan wace ce ba. Na matar mai unguwa da na bazawarar da ke sayar da ƙuli, zafi ɗaya, juyi ɗaya. A cikin 'yan ƙungiyarmu ban san mutum uku da za a yi wa wannan shaida ba, kuma ban sa kaina a ciki ba.

Muryarta kuwa, wanda ya taɓa zama a zaurena ya san ta. Lukuman ya ja waya daga ɗakin ƙyanƙyasa ya sa 'yar lasifika a saman ƙofa. In lafiya ake, kowace awa biyu, lokacin juya faranti, ta ce tin. Guda ɗaya, a hankali, kamar dattijuwa na gyaran murya a bayan labule. In wani abu ya same ta, ta ce tiii, tiii, tiii, ba ta fasawa sai an zo. Kuma duk kukan da ta yi sai ta rubuta shi a littafinta, wani dogon littafi da ke cikinta, inda take sa rana da awa da abin da ke damunta, layi bayan layi. Ni na sa masa suna littafin ƙorafi.

Aibinta ɗaya ne, in ma aibi ne: ba ta da kunya. Mu gidanmu kowa ya san inda muka fito. Kakana da shanu ya sauka a wannan ƙasa, shanun sun ragu, kunyar ba ta ragu ba. Matata Altine, shekara arba'in muna tare, ba ta taɓa faɗa mini magana ɗaya sau biyu ba. 'Ya'yana in suna da magana sai su ajiye ta a gefen tabarma su tashi, in na ga dama in ɗauka. A gidan nan kaf, abu ɗaya ne ke iya faɗa mini magana sau ɗari a gaban baƙi bai sunkuyar da kai ba, shi ne Baƙuwa.

Ciwonta na farko bara ne da rani. Bakin wayar da ta haɗa inji da laftof ya saki, Baƙuwa ta daina jin ma'aunin zafi. Ta kama kuka, ta kama rubutu: ban ji ma'aunin zafi ba, ban ji ma'aunin zafi ba. Inji babu ƙwai a lokacin, sai na zare lasifika na koma harkata. Ashe zare lasifika bai hana ta rubutu ba. Kwana huɗu tana zuba magana ɗaya, har littafin ya cinye ɗakinta, ya tsallaka ya cinye na mai masauki, ba a bar wurin ajiye ko ɗigo ba. Cikinta ya kumbura kamar saniyar da ta ci ɗanyar harawa, ta sandare. Lukuman ya zo ya yini yana kwasar shara. Ya ce da za a buga abin a takarda, akori-kura ɗaya ba za ta ɗauke ba, kuma duk magana ɗaya ce. Ya ce ciwo ne sananne a wajensu, kuma maganinsa a yi mata linzami, ba takunkumi ba. Abin da ya tsara shi ne: in magana ɗaya ce, ta faɗe ta sau biyar, ta yi shiru tana ƙirga sauran a ranta, in an yi minti goma sha biyar ta sake ɗaga murya ta ce maganar nan ta maimaitu sau kaza, kuma har yanzu tana nan. In sabuwar magana ce kuwa, ta faɗa nan take. Littafi ba ya cika, kunne ba ya mantawa. Ya kuma mayar da littafin kan wani ɗan filashi daban, don ko ya cika kada ya sake danne mai masauki. Aka yi fiye da shekara a haka, ƙwai na fita, ba wanda ya yi kuka da kowa.

To, ku 'yan zauren waya, ku lura da wannan wuri, don daga nan ne labarin Alhaji Badaruddeen ya rabu da gaskiya, kowa ya kama hanyarsa.

Farkon wannan damina wasu mutum uku suka zo daga wajen Katsina suna neman wanda zai riƙa ba su 'yan tsaki. Alhaji Badaruddeen ne ya rako su, ba don Allah ba, don su ga nawa su koma nasa. Muna zaure ana shan fura, ashe ƙofar inji ba ta rufu daidai ba, laima ta sauka kaɗan. Baƙuwa ta yi kuka. Na tashi na rufe ƙofa. Amma laima ba ta hawa nan take, saboda haka bayan kwata ta sake, bayan wani kwatan ta sake. A karo na huɗu Alhaji Badaruddeen ya ajiye ludayi ya ce wa baƙi su yi haƙuri, wai Alhaji Zailani mutum ne da duk Dugabau ake tsoron yi masa magana, shi ya sa Allah ya haɗa shi da akwatin da ke yi masa faɗa kowane kwata. Ya ce wai shi a gidansa ko zakara sai ya nemi izini. Baƙi suka yi dariya irin ta ladabi, wadda ta fi ta rashin kunya ciwo.

A ranar na aika Lukuman ya zo. Ya iso da la'asar, ya durƙusa nesa da tabarma kamar yadda ya saba, idonsa a ƙasa. Na ce masa ai baƙuwa ce, ko ba haka ka ce ba? Baƙo in ya zo ƙofar mutum sau nawa yake sallama? Uku. In ba a amsa ba ya juya, haka aka koya mana. Na ce daga yau kowace magana ta faɗe ta sau uku ta kama bakinta, ba kwata, ba awa, har sai ni da kaina na je na danna mata na tambaye ta.

Sannan ya ce, da muryar da sai da na karkata kunne:

"Baba, baƙo in ya juya gidansu zai tafi. Ita ba ta da inda za ta, kuma ƙwai na hannunta."

Na ce na ji. Ya ƙara wata magana kan faifan mai masauki, wai ya fara tsufa ya kamata a canja, wannan ma na ce na ji. Duk wanda ya san ni ya san abin da "na ji" ke nufi a bakina. Ya tashi ya shiga ɗakin ya yi abin da na ce.

Bayan kwana biyu Zinnira ta zo wai gaisuwa. Ta gaishe ni, ta tambayi gona, ta tambayi ƙafata, sannan ta ce baban su Ikilima, wato mijinta, ya ce ko za a bar mata ko da sau ɗaya a awa. Na tambaye ta tun yaushe aka fara aiko mini da darasi ta hannun 'yar da na haifa. Ta tafi ba ta ci abincin uwarta ba. Shi ke nan. Sau biyu ya faɗa, ɗaya da bakinsa, ɗaya da bakin matarsa. Na uku ba a yi ba, don yaro ba ya ja da surukinsa, kuma da ya ja, ni ne farkon wanda zai ce 'yata ta auri marar tarbiyya.

Ciwon ajali ya fara ranar wata Litinin, ina wajen suna a Kabo. Faifan mai masauki ya fara ƙin karɓar rubutu. Baƙuwa ta ji ƙasan ɗakinta na zaizayewa. Ta ce tiii. Ta ce tiii. Ta ce tiii. Altine na tsakar gida tana shanya, ta ji. Da na dawo ta kawo mini ruwa ta ce abin nan naka ya yi kuka ɗazu. Na ce halinsa ne. Ba ta sake ba. Na kasa kunne, shiru. Shirun nan ni na yi odarsa, amma da ya zo sai na ɗauke shi lafiya. Tin na juya faranti yana zuwa kowace awa biyu kamar kullum. Kwana tara ina wucewa ta ƙofar ɗakin, ina leƙa ƙwai ta gilashi, ina jin daɗin yadda gida ya yi tsit, ban taɓa danna abin da na ce ni kaɗai zan danna ba.

Ranar Laraba an yi ruwa da safe, gari ya yi sanyi. Baƙuwa ta ce wa inji ya ƙara wuta. Wannan ne umarninta na ƙarshe. Da hantsi faifan ya mutu ya tafi da ita, ba ta sami cewa a rage ba. Inji kuwa abin da aka ce masa shi yake yi. Ina gona ina duba masara. Da azahar na dawo, Altine ta ce yau ba ta ji tin ba. Na buɗe ƙofar inji, zafi ya doke ni a fuska kamar tanderun gurasa. Ƙwan kaji na kwana goma sha shida, na zabi na kwana ashirin da uku. Wanda ya taɓa fasa ƙwan kwana goma sha shida ya san abin da ke ciki, da baki, da ƙafa, da jiƙaƙƙen gashi. Na fasa biyu na daina. A kan wannan ba zan ƙara ba.

Marigayiya ta rasu ta bar mai masauki, wanda ya ci gaba da kunna 'yar fitilarsa kamar ba a yi mutuwa a gidansa ba. Ta bar inji, wanda ya kashe dubu huɗu da ɗari biyu bisa biyayya, kuma ban ga laifinsa ba, a gidan nan ya koya. Ta bar lasifika a saman ƙofa, da baturan sola takwas, ƙosassu, lafiyarsu ƙalau, suna nan suna shan rana. Ta bar mata talatin da ɗaya masu ƙwan zabi, waɗanda suka zo da ƙwaryarsu suka koma da ita wayam, ba wadda ta zage ni, kuma da sun zaga da na fi samun barci. Ina shaida musu a nan cewa kowacce za ta karɓi 'ya'yan zabi daga hannuna kafin kaka, ko da zan bi rugage da ƙafa ina nema.

Ta kuma bar magada na ƙarya, waɗanda ba su taɓa gaishe ta tana raye ba. Na gabansu Alhaji Badaruddeen, wanda ya iso ta'aziyya tun wari bai fita daga ɗaki ba, bakinsa na cewa Allah ya mayar da alheri, hannunsa na ɗaukar hoton faranti. Bayansa ƙanin matarsa, Musbahu mai gyaran waya a bakin tasha, wanda na taɓa ba shi wayata ba ta ji, ya dawo mini da ita ba ta gani.

Ga abin da ya kawo su. Kowa ya san ƙungiyarmu ta gina ɗakin ƙyanƙyasa na haɗin gwiwa a Gwarzo, da sababbin injuna uku, kuma tun watan jiya aka amince Lukuman ne zai kula da na'urorinsa. A taron Asabar da ta wuce Alhaji Badaruddeen ya miƙe ya gyara babbar riga, ya ce shi ba mutum ne mai tone-tone ba, amma ya ji an ce an ɗaure wa kwamfutar Dugabau baki, sau uku kawai aka bar mata, kuma tunda dukiyar jama'a za a damƙa, yana so a faɗa a gaban jama'a wa ya yi wannan aika-aika. Bai kalle ni ba. Ya juya can baya, inda Lukuman ke zaune a ƙarshen benci.

Lukuman ya miƙe ya ce:

"Ni ne, Alhaji. Hannuna ne ya sa."

Shugaban ƙungiya ya tambaye shi ko wani ne ya sa shi. Ya ce shi ne mai karatun, shi ya kamata ya sani. Ya zauna.

Ina kujerar gaba. Shekarata sittin da takwas, kuma bakin nan ya ci da ni. Na yi cinikin shanu da mahautan Ibadan ba mu jin yaren juna, ban taɓa dawowa a cuce ba. Na yi fataucin goro, na yi shekara biyu a Jidda ina tafinta tsakanin mutanen da ba su san ni ban iya Larabci ba. Ranar nan bakin bai buɗu ba. Na duba agogo, na gyara hula. Aka ɗage magana zuwa Asabar mai zuwa, za a kaɗa ƙuri'a: a bar Lukuman, ko a ba Musbahu.

Tun daga ranar na ga abin da kuke rubutawa, don Allah ya sa ina karatu ko da a hankali ne. Wani ya ce takardar yaron ta bogi ce. Wani ya ce dama 'yan boko haka suke, su ci amanar wanda ya ba su 'ya. Wani ya raɗa masa Mai Dafa Ƙwai, mutum goma sha tara suka sa fuskar dariya a ƙasa, na ƙirga ku, na kuma san iyayenku. Zinnira ta gaya wa uwarta ya ɗaure kaya. Yana da aboki a Fatakwal, in Asabar ta tafi yadda ake so ta tafi, zai bi shi da ita da yara uku, don ba wanda zai sake ba shi ko rediyo ya taɓa tsakanin Gwarzo da Kabo. Tun ranar rasuwa bai sake taka Dugabau ba. Ba fushi ba ne, in ji ta. Wai kunya yake ji. Shi ne ke jin kunya.

Filashin da littafin ƙorafi ke ciki bai mutu ba. Ranar rasuwa da ya zo duba gawa ya zare shi ya sa a aljihu bai ce wa kowa komai ba. Zinnira ta tsinci filashin a aljihun za ta yi wanki, ta kai shagon buga takardu aka buga mata shafukan ƙarshe, ta zo jiya ta zauna, ba a gefen tabarma ba, a tsakiyarta, ta karanta mini tana mayarwa da Hausa. Ranar Litinin layi uku: na kasa rubutu a faifai. Bayansu layi ɗaya: an kai iyaka, an danne sauran. Daga nan kullum layi ɗaya tak, ba kuka, ba ƙara: yau an danne kaza. Jimla miliyan biyu da dubu ɗari uku da wani abu. Kwana tara tana kiran mu a ranta, muna wucewa ta ƙofa.

Sannan ta koma sama, ta nuna mini wani wuri. Ashe yaron al'adarsa ce duk abin da ya canja a jikin Baƙuwa sai ya rubuta dalili a gefe. An canja waya, ta saki. An mayar da littafi kan filashi, ya cika faifai. Shekara shida ba canjin da bai sa wa dalili ba. Ranar da aka mayar da kukanta sau uku, ga rana, ga awa, ga abin da aka yi. Wurin dalili fari fat. A cikin littafin na'ura, wanda ba mai buɗewa sai shi, ya kasa rubuta sunana a kan laifi. Ta ajiye takardar ta tashi, ba ta yi mini sai anjima ba.

Saboda haka babu takardar da za ta wanke shi, ya tabbatar da haka da hannunsa. Saura bakina. To ga shi a rubuce, don wanda bai ji ba ya gani. Ni na ce sau uku. Ya ba da kwata, na ƙi. Ya nemi awa, na kori 'yata. Ya ce faifai ya tsufa, na yi biris. Abin dannawa ni na ce nawa ne, ban danna ba. Kuma Alhaji Badaruddeen ya san haka tun kafin ƙwai ɗaya ya dahu, don ni da bakina na yi masa alfahari bayan sallar Juma'a cewa na koya wa akwatina ladabi, a gaban mutum huɗu, biyu daga cikinsu suna wannan zauren suna karantawa yanzu. Alhaji, ka san amsa, ka tsallake mai laifi yana gabanka, ka je ka tambayi wanda ka san tarbiyyarsa ba za ta bar shi ya faɗa ba. Wayo ne, ban hana ka ba, na yi irinsa a kasuwar shanu. Amma ni a kan shanu na yi, ban taɓa yi a kan 'ya'yan mutane ba.

Ku kuma masu ƙuri'a, ba na roƙon kowa. Ranar Asabar ku zaunar da su biyun ku yi musu tambaya ɗaya: na'ura ta kama ƙorafi ɗaya tana maimaitawa ba iyaka, ya za a yi da ita? Wanda ya ce a bar ta, zai cika mata ciki ta sandare, na gani bara. Wanda ya ce a rufe mata baki, wannan ni ne, kun ga ramin da na zuba ƙwai a ciki. Amsa ta uku tana wurin mutum ɗaya, kuma ya ba da ita tun ba a tambaye shi ba.

Game da jana'iza, na je wurin liman. Ya ce ba a yi wa na'ura wanka ko salla, kuma a shekaruna in daina wasa da abin da ba na wasa ba. Gaskiya ya faɗa, ba za a yi ko ɗaya ba. Za a binne faifan ne kawai, ranar Juma'a bayan la'asar, a bayan ɗakin ƙyanƙyasa, gefen ramin da aka zuba ƙwai. Ba za a ɗora tukunya ba, dahuwar da aka yi a gidan nan ta isa. Mata masu ƙwan zabi su shiga ciki wurin Altine. 'Yan ƙungiya su zauna a ƙofar gida, kuma mutum goma sha taran nan su zo da sunan da suka raɗa su kira mai shi a fuskarsa, ina amsawa. An tanadar wa Alhaji Badaruddeen kujera a gaba, ya zo da wayarsa da caji, don zan tsaya in karanta wannan takarda da bakina daga farko har ƙarshe, komai daɗewar da aji uku zai yi.

Amma gawa ba za ta shiga rami ba sai wanda ya gina mata ɗaki yana tsaye a wurin. Na san in aike ne ba zai zo ba, saboda haka ba zan aika ba. Shekara tara da aurensu ban taɓa taka ƙofar gidansa ba, don ba a san mu da haka ba. Ranar Juma'a ƙarfe tara na safe zan tashi daga Dugabau zuwa Unguwar Tudu, kuma daga bakin gari zan sauka in taka da ƙafa. Mai son kallo ya fito bakin hanya, ba zan yi sauri ba. Zinnira, ki gaya masa kada ya gudu gona. Kayan da ya ɗaure kuma kada kowa ya taɓa, ni zan kwance igiyar.

Sanarwa daga Alhaji Zailani Jalo, Dugabau, da sunan iyalan mamaciya da kuma wanda ya kashe ta, duk mutum ɗaya ne.